Littafin da Muka Ƙunshe Gyaɗa da Shi

Shekarata ta farko a Jidda, aiki ɗaya tak aka ba ni a gidan mijina, shi ne duba takarda. Yanzu abin dariya yake ba ni, amma a lokacin na riƙe shi da hannu biyu, don in ka cire shi ba ni da wani amfani a gidan.

Daga Zariya aka kawo ni. Dangin mijina Hausawan Sudan ne, kakanninsu sun taso da niyyar Hajji suka yada zango a can, 'ya'yansu suka ƙaraso Jidda suka zauna a unguwar Kurayyat. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga ɗakunan ajiya na Khumra zuwa garuruwa masu nisa, sai in yi kwanaki ban sa shi a ido ba. Gidan ya zama daga ni sai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajja, sai ƙanwarsa budurwa, haifaffiyar Jidda, mai jin Hausa sarai amma in ta buɗe baki Larabci ne ke riga fitowa.

Hajja ba ta taɓa yi mini tsawa ba. Da ta yi, da na san matsayina. Kirki take yi mini irin wanda ake yi wa wanda zai tafi gobe. In na ɗauki tsintsiya ta ce in ajiye, in na nufi madafa ta ce zafi zai dame ni. Maƙwabta in sun shigo sai ta nuna ni ta ce, "Ga baƙuwarmu ta Najeriya." Azumi ya zo ya wuce, aka yi babbar Sallah, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito har ta fara tsufa a jaka, ni dai ina nan baƙuwa. Abin yana cina ƙwarai. Babban tsorona shi ne in tsufa a gidan nan ana miƙo mini shayi a kofin baƙi.

Sana'ar Hajja suyar gyaɗa ce. Da yashi take soyawa a wani tsohon kasko bayan la'asar, ta tankaɗe, ta zuba a ƙunshin takarda mai siffar mazurari. Da safe ta ɗauki tire ta tafi bakin wata makaranta ta zauna. Leda kam ba ta yarda da ita, wai tana sa gyaɗa gumi ta yi laushi. Takardar ce abin wahala. Hajja ba ta ƙunshi da duk abin da aka rubuta da Larabci, ko jarida ko tallar shago, don ba a raba rubutun Larabci da sunan Allah, sunan mai shagon kansa yana iya ɗauke da shi. Mai cin gyaɗa kuwa in ya gama yar da takardar yake yi a bi ta kai. Saboda haka mijina yake tsinto mata tsofaffin littattafan Turanci a haraji, kasuwar gwanjon da ake zubar da tarkacen waɗanda suka gama aiki suka koma ƙasashensu. Ni da na yi sakandare har na leƙa kwalejin horon malamai, ni ce mai Turancin gidan. Nawa shi ne in duba in ce babu sunan Allah a ciki, sai a yaga. Littafin lissafi, littafin gyaran firji, duk sun bi ta hannuna na sa musu albarka.

Wata rana ya kawo wani ƙaton littafi mara bango, takardarsa ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Na buɗe shafukan farko: teku, hadari, matuƙa suna ihu.

"Labarin jirgin ruwa ne, Hajja. Babu komai."

Ta murza shafi ɗaya tsakanin yatsunta ta ce, "Masha Allah. Wannan takarda za ta sha mai."

Washegari da hantsi, Hajja ta fita kasuwarta, ƙanwar mijina ta tafi shagon da take aiki a unguwar Bani Malik, zaman kaɗaici ya ishe ni. Na ɗauko littafin don in ga ko jirgin ya nutse. Bai nutse ba. 'Yan fashin teku ne suka tare shi, suka kama wata mata da mijinta ya rasu, 'yar wata ƙasa mai sanyi, a zamanin da ba a san bindiga sosai ba. Suka kai ta wani gari na Musulmi a bakin teku suka sayar da ita a wani babban gida. Tana shiga gidan nan ta durƙusa ta fara addu'a. Ga sunan Ubangiji, ga sunan Almasihu, alaihissalam, ga na mahaifiyarsa, ga ayoyin littafinsu jere. Na buɗe gaba da sauri. Kusan babu shafin da babu. Ashe labari ne irin wanda Kiristoci ke rubuta wa junansu, a ɗauko tarihi a zuba wa'azi a ciki. Ni kuwa na riga na ce babu komai, Hajja kuma tun jiya ta yagi na ƙunshinta, a daidai lokacin nan yara suna can suna cin gyaɗa a ciki.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in jira ta dawo in durƙusa in faɗa. Sai na tuna aikin nan ɗaya ne nake da shi, ga shi na kwafsa. Ba kwafsawa kawai ba, littafin coci na sa wa hannu a gidan da ake tashi kafin asuba. Me za a ce da baƙuwar Najeriya mai Turanci? Na ce bari gobe. Kafin goben kuma, tunda yana hannuna, na ci gaba da karantawa.

Marubuciyar ta iya labari, ba zan ci haƙƙinta ba. Na tabbata mace ce, don namiji ba zai san abin da ta sani ba. Ta san yadda baƙuwa take dariya a makare, bayan kowa ya gama, don sai ta ga fuskoki sannan ta gane abin dariya aka faɗa. Ta san yadda mutum ke tsayawa a bakin madafa hannunsa na ƙaiƙayin aiki, ba wanda ya ce masa zo. Akwai inda matar take zuwa bayan gida tana yi wa kaji magana da harshen garinsu, don kawai ta ji shi a kunnenta. Nan na rufe littafin na yi kuka sosai. A gidanmu Hausa ake yi, amma Hausar da aka kwaɓa da Larabci, in hira ta yi daɗi sai ta zame gaba ɗaya ta bar ni a baya ina murmushin dole. Ni ba ni da kaji, da tabarmar salla nake tawa hirar.

Amma fa ta ba ni haushi, haushi mai yawa. Duk Musulmin da ke littafin nan idonsa ja ne, in ya yi murmushi to mugunta yake shiryawa. Kiran salla, wanda ni in na ji shi raina ke kwanciya, ita ta ce wani kuka ne mai tayar da tsikar jiki. Har akwai inda maigidan ya idar da salla, sannan ya zauna ya yi alwala! Na yi tsaki har sai da na ji kunyar kaina. Baiwar Allah, kin zauna kin cika littafi mai kaurin bulo a kan mutane, ba ki taɓa shiga gidan ɗayansu kin sha ruwa ba? Ga kuma wa'azi. Da zarar labari ya ɗauki zafi, ana shirin kama wani ko tsere, sai ta taka burki ta tara kowa a yi huɗuba shafi biyu. Nakan tsallake ina harararta.

Abin da ya fi damuna ba haushin ba ne. Wasu addu'o'in matar suna shiga raina. In ta roƙi haƙuri, ko ta ce Ubangiji yana ganinta a inda babu wanda ya san sunanta, sai in ji kusan abin da nake faɗa ke nan a sujada. Sai kuma ta ƙarasa da kalmar da ni ba zan iya faɗa ba, in yi firgigit in yi istigfari. Na wuni ina tambayar kaina ko daidai ne in so wannan mata haka, alhali mutanena ne mugayen labarinta.

Ana cikin haka na lura littafin yana rama ta baya. Hajja buɗin Larabci take yi wa kowane littafi, daga dama, a wurinta nan ne farko. Ba ta san ƙarshen take yagewa ba. To ina ci ta gaba tana ci ta baya, kullum bayan la'asar sai wani yanki na ƙarshen labarin ya koma mazurari. Na yi dabarar kawo mata wata takarda mai sheƙi ta tallar kayan ɗaki, ta ture ta ce wannan ba ta shan mai. Na gwada zare shafukan da ke da sunan Allah, na ga in na bi wannan hanya zaren ɗinkin kawai zai rage. Kullum in ta ɗauki tire ta fita sai in ji kamar ni ce na ɗora mata zunubi a ka.

A cikin labarin kuma wani abu ya fara tsiro wanda ban so ba. Gidan da aka sayar da matar akwai wata tsohuwa, uwar maigidan, mai tsare gida, ba ta yawan magana. Sannu a hankali ta fara sassautowa. Ta fara leƙen baƙuwar in tana addu'a, ta fara tambayarta wa take kira. Na karanta littattafai isassu da zan gane inda aka dosa: so ake a ƙarshe tsohuwar nan ta bar addininta ta bi na baiwarta, kowa ya yi kukan murna. Ina son in san ko matar ta koma gida, ina kuma jin tsoron shafin da zan tarar da tsohuwar ta ajiye carbinta. Duk lokacin da na karanta ta, fuskar Hajja nake gani.

Waya ce ta tona ni. Wata la'asar muna tsakar gida, Hajja na suya, ni ina gefe a takure kamar kullum, ƙanwar mijina ta ɗauki ƙunshi ɗaya ta cinye. Don rashin aikin yi ta warware takardar ta haska mata wayarta, irin abin nan da ke juya rubutu zuwa Larabci nan take. Sai na ga ta miƙe zumbur.

"Ya Ummi! Shufi, shufi! Duba ki gani! Wannan kitabin kanisa ne, na coci! Wallahi ga sunan Masihu, ga salibi, ga komai!" Ta juyo kaina. "Matar Yaya, ba ke kika ce mafi shai ba? Ba ke kika ce babu komai ba?"

Hajja ta sauke kaskon daga wuta, a natse, kamar ba a yi magana ba. Ni kuwa na zame daga kan kujera na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Amarya," in ji ta, "akwai sunan Allah a ciki?"

"Akwai, Hajja."

"Da na annabawa?"

"Akwai."

"Yau kika sani?"

"A'a. An kwana biyu."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro."

"Tsoron wa?"

Yaya zan ce tsoronta, matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba? Ta daɗe tana kallona, ina jin idonta a tsakiyar kaina. Sannan ta jawo tiren ta fara warware ƙunshin da ta riga ta yi, ɗaya bayan ɗaya, tana juye gyaɗar a faranti, tana miƙar da kowace takarda da tafin hannunta a kan cinya. Ƙanwar mijina ta ce a tattara a zuba a shara, ai littafin wasu ne, ba namu ba.

"Halas, ya isa," in ji Hajja. "Sunan Allah in an rubuta shi da Turanci ya tashi daga sunan Allah? Almasihu kuma nasu ne su kaɗai? Akwatin masallaci za a kai shi."

Akwai irin akwatin nan a jikin masallacin unguwa, inda ake saka duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah don kada ta wulaƙanta. Na shiga ɗaki ina jiran mijina ya dawo a kai masa ƙara, har na fara tsara abin da zan faɗa wa mahaifiyata a waya.

Da safe na ji an ƙwanƙwasa ƙofata. Hajja ce, da abayarta, babu tire, sai wata jakar buhu a hannu.

"Yalla, sa mayafinki. Ni ban san wadda ke da sunan da wadda ba ta da shi ba. Ke ce mai ido."

Wannan ce rana ta farko da muka fita ni da ita mu biyu. Muka je bakin makarantar da take zama, muka bi gindin katanga, da ƙarƙashin motoci, da bakin kwata, muna tsintar takardun gyaɗa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana sunkuyawa tana cewa astagfirullah, ta kaɗe ƙura ta miƙo mini. Wasu sun sha mai har ana ganin rana ta cikinsu, wasu taya ta bi ta kai. Mun samu kaɗan, yawancin iska da masu shara sun riga mu. Ba zan ɓoye ba, kowace na karɓa sai na saci kallon layukan, ko zan ga matar a cikin jirgi ta nufi gida. Ban samu komai ba sai guntayen magana marasa kai da gindi.

Hajja ta kama ni ina yi. Muka zauna a inuwar katanga don ta huta, ta ce, "To wai me ke cikinsa da ya riƙe ki haka?"

Na fara ba ta labari, da farko ina tauna kowace kalma, daga baya bakina ya saki. Da na zo wurin alwala bayan salla ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Allah ya shirya, wannan maigida ai sai ya rama sallolinsa tun daga balaga. Da na faɗa mata yadda aka kwatanta kiran salla ta ɓata fuska ta ce wanda bai sani ba ne. Maganar wa'azi kuwa cewa ta yi ai kowa nasa yake yabo. Na faɗa mata kajin. Nan ta gyara zama ta tambaye ni:

"To ta koma garinsu?"

"Ban sani ba, Hajja. Ƙarshen ne kika fara yagewa. Littafin Turanci ta hagu ake buɗe shi."

Ta riƙe haɓa ta kalle ni, sannan ta sake fashewa da dariya. "La ilaha illallah! Wato ƙarshen labarin yana aljihun 'yan makaranta."

Na taya ta dariya. Ba zan taɓa karanta shafin da nake tsoro ba. Tsohuwar littafin, a iya sanina, tana nan da carbinta, baƙuwar kuma tana nan da addu'arta, ba wadda ta ƙwace ta ɗaya. Na ji daɗin haka fiye da yadda zan ji da na ga ƙarshen. Ina son matar har yau, ina jin haushin wadda ta rubuta ta har yau, kuma na daina neman ɗayan biyun ya kori ɗaya.

Hajja ta share hawayen dariya da gefen mayafi. Ta juya tana kallon titi.

"Ita tsohuwar gidan," ta ce, "da take ta leƙenta tana tambayar wa take kira, ta taɓa tambayarta ko tana kewar uwarta?"

Na yi tunani. "A'a. Har inda na kai, ba ta tambaya ba."

"Sakarar tsohuwa," in ji Hajja a hankali. Ba ta kalle ni ba, igiyar jakar take murzawa. "Ni da aka kawo ni daga Sudan, uwar mijina tun ranar farko ta ɗora ni a kan aiki, ban huta ba sai da ta rasu. Na yi alkawari duk wadda ɗana ya kawo ba za ta taɓa tsintsiya ba. Ni a tunanina gata nake yi." Ta numfasa. "Ke fa? Kina kewar taki?"

Na buɗe baki in ce a'a, irin ta kunyar suruka, sai kuka ya riga ni. A bakin titi, motoci na wucewa, da jakar takardun gyaɗa a tsakaninmu. Ba ta lallashe ni ba, ta bar ni na yi mai isata, hannunta dai yana kan gwiwata.

Mun biya ta masallaci muka zuba guntayen a akwati, tare da ragowar littafin. Na ɗan riƙe shi kafin in sake, ta ga na riƙe, ta kau da kai. Bayan la'asar ta hura wuta ta ɗora kasko, yashi ya ɗauki zafi. Na nufi kujerata ta gefe kamar yadda na saba, sai ta miƙo mini ludayin suya.

"Zo nan, 'yata. Juya ta ƙasa, kada ki tsaya."

Na ƙona kaskon farko ƙurmus. Ta yi mini faɗa sosai, da Hausa da Larabci, har maƙwabta suka leƙo. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.